Baƙo da Tarihin Gundumar da Ya Sauka: Darasi daga Gabashin Landan



Yau maganar ƙaura za mu yi, musamman abin da ke biyo baya idan mutum ya sauke kaya, ya karɓi makulli, ya kwana ya tashi a unguwar da ba a binne cibiyarsa ba. Duk wanda ya taɓa komawa babban birni ya san tambayoyin makon farko. Nawa ne kuɗin haya? Ina tashar mota? Ina masallacin Juma'a? Wane shago ke sayar da naman halal? Wace makaranta za ta karɓi yara? Duka tambayoyi ne na dole. Sai dai akwai wadda akasarinmu ba ma yi ko da mun shekara goma a wuri: su wa suka zauna a nan kafin ni, me ya kawo su, me kuma ya tashe su? A ganina, wanda bai yi wannan tambaya ba zai daɗe yana baƙo, ko da takardunsa sun cika, ko da ya sayi gidan da yake ciki. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, maganin irin wannan makanta kuwa tambaya.

Don kada maganar ta tsaya a iska, bari mu ɗauki wuri guda mu duba shi da kyau. Birnin Landan, tun daga shekarar 1965, an raba shi gundumomi 32, ban da tsohon ƙwaryar birnin mai hukumarsa daban. Kowace gunduma tana da majalisarta da kansilolinta. Ita ke karɓar harajin gidaje, ita ke kwashe shara, ita ke raba gidajen gwamnati da gurbin makarantun yara, ita ke kula da ɗakunan karatu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Tower Hamlets, a gabashin birnin, bakin kogin Tems, wadda aka haɗa daga tsofaffin gundumomi uku, Stepney da Poplar da Bethnal Green. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 20 ba, amma ƙidayar 2021 ta samu mutum kimanin 310,000 a cikinta. Kusan kashi ɗaya cikin uku 'yan asalin Bangaladash ne, kuma kusan mutum huɗu cikin kowane goma Musulmi ne. Ɗalibi ko ma'aikaci daga ƙasashenmu da ya sauka a can, yakan ji hankalinsa ya kwanta tun ranar farko. Ga kiran salla, ga mata da hijabi, ga dabino da turare a kasuwar Whitechapel. Cikin sauƙi sai ya ɗauka dama can haka wurin yake.

To, mu taka zuwa wani titi da ake kira Brick Lane. A kusurwar da ya haɗu da titin Fournier akwai wani gini na jan bulo, mai manyan tagogi masu baka. A gefensa an kafa doguwar hasumiya ta ƙarfe mai ƙyalli, ga takalman masallata a bakin ƙofa. Masallaci ne. Amma in ka ɗaga kai ka dubi saman bangon da ke fuskantar kudu, za ka ga agogon rana irin na da, wanda inuwa ke nuna lokaci a kansa, an rubuta 1743 a jiki. Waɗanda suka gina shi a wannan shekara Kiristoci ne 'yan gudun hijira daga Faransa. A 1685 Sarki Luwi na 14 ya soke dokar da ta ba mabiya ɗarikar Furotesta 'yancin ibada, dubbansu suka tsallaka teku suka shigo Ingila. Da yawansu masaƙan siliki ne. Har yau in ka bi titin Fournier ka dubi saman gidajen, za ka ga ɗakunan ƙarshe suna da tagogi masu faɗi a jere, domin a can suke kafa masaƙa, suna neman hasken rana ya daɗe a kan zare.

Jikokin masaƙan nan suka yi arziki, suka saje da Ingilishi, suka watse. A 1819 ginin ya koma hannun 'yan Metodis. Daga 1881 sai ga wani ayarin, Yahudawa masu gudun kisan gilla daga ƙasashen da ke ƙarƙashin sarkin Rasha. Jirgin ruwa yakan sauke su a bakin kogi, su tako da ƙafa zuwa waɗannan lunguna, su kama ɗinki da dukanci da kafinta. Kafin ƙarnin ya ƙare, wajen 1898, cocin ya zama babban wurin ibadar Yahudawa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu su ma hannunsu ya yi ƙarfi, suka koma unguwannin arewacin Landan da bayan gari. Waɗanda suka gaje su a bakin keken ɗinki su ne mutanen Silet, daga arewa maso gabashin Bangaladash. Na farkonsu ma'aikatan jirgin ruwa ne a jiragen Birtaniya, daga baya iyalai suka biyo, musamman a shekarun 1970, bayan yaƙin da ya raba ƙasarsu da Pakistan a 1971. A 1976 suka mai da ginin masallaci.

Gini ɗaya ke nan, ya ga coci, ya ga majami'ar Yahudawa, yau ana sujada a cikinsa. Wanda ya san wannan labari, tafiyarsa a titin takan canja. Zai gane dalilin da ya sa allon sunan titi yake da rubutu biyu, na Ingilishi da na Bangali. Zai gane dalilin da ya sa a can ƙarshen titin, bayan jerin gidajen abincin mutanen Bangaladash, har yanzu akwai shagunan da ke gasa burodin Yahudawa mai rami a tsakiya dare da rana. Zai kuma fahimci wani abu da ke rage girman kai: babu al'ummar da aka yi wa alkawarin unguwa har abada. Kowa ya zo da ƙunshinsa, ya yi zamaninsa, ya matsa wa na baya.

Akwai kuma abin da ke maimaita kansa. Duk ayarin da ya iso, sai an yi masa zargi iri ɗaya: sun cika gidaje, sun tsadar da haya, sun karya farashin ƙwadago, ba sa jin harshenmu, abincinsu na wari. An faɗa wa mutanen Ailan da yunwa ta koro a shekarun 1840. An faɗa wa Yahudawa, har surutun da aka tayar daga wannan yanki ya taimaka wajen kafa dokar taƙaita shigowar baƙi ta 1905. An faɗa wa mutanen Bangaladash. Baƙon yau da ya ji an jefe shi da irin wannan magana a cikin bas, in ya san tarihi, ba zai ɗauka laifin fatarsa ne ko addininsa kaɗai ba. Tsohuwar waƙa ce aka sake wa amshi.

Jama'a masu sauraro, abu na biyu da tarihin gunduma ke koya wa baƙo shi ne, kwanciyar hankalin da ya tarar, wasu ne suka biya kuɗinta, wani lokaci da jini.

Ranar 4 ga Oktoba, 1936, Oswald Mosley, shugaban 'yan fasist na Birtaniya, ya shirya ratsa unguwannin Yahudawa da dubban mabiyansa masu baƙaƙen riguna, 'yan sanda na yi musu rakiya. Mutanen yankin suka fito ƙwansu da kwarkwata. Yahudawa teloli, 'yan dako na tashar jiragen ruwa waɗanda yawancinsu 'yan Ailan ne mabiya Katolika, 'yan ƙungiyoyin ƙwadago, mata daga tagogin bene. Suka tare titin Cable da katako da duwatsun daɓe, har da babbar motar da suka kifar. Aka yi ta ɗauki-ba-daɗi da 'yan sanda, a ƙarshe dole aka juya da Mosley. Kafin shekarar ta ƙare majalisar dokoki ta haramta sa kayan sarki na jam'iyya a bainar jama'a. Yau akwai babban zane a bangon tsohon zauren gari da ke kan titin, mai nuna abin da ya faru ranar. Mutane da yawa na wucewa ta gabansa kullum ba su san me yake faɗa ba.

Shekara 42 bayan haka, ranar 4 ga Mayu, 1978, daren zaɓen kansiloli, wani matashi tela ɗan Bangaladash mai suna Altab Ali ya taso daga aiki zai koma gida. Wasu samari uku suka tare shi kusa da titin Adler suka daɓa masa wuƙa, ya rasu. A lokacin, dukan mutanen Asiya a titi ya zama ruwan dare a yankin, iyalai na kwana da fargabar a cinna musu wuta ta ramin wasiƙa na ƙofa. Kwana goma bayan kisan, mutum kimanin 7,000 suka bi akwatin gawarsa cikin ruwan sama har ƙofar gidan firaminista. Daga nan samarin Bangaladash suka daina sunkuyar da kai. Suka kafa ƙungiyoyi, suka tsare unguwanninsu, suka shiga siyasar gunduma har suka fara cin kujerun kansila. A 1998 aka sa wa filin shaƙatawa da ke daf da inda aka kashe shi sunansa. Ƙaramin fili ne, da kujeru da 'yar ciyawa, ma'aikatan ofis na zama su ci abincin rana. A ƙarƙashin ciyawar akwai harsashin tsohon cocin da bama-baman Jamus suka ƙona a Yaƙin Duniya na Biyu.

Haka ma babban Masallacin Gabashin Landan da ke kan titin Whitechapel, wanda dubban mutane ke cikawa ranar Juma'a. An buɗe asusun gina masallaci a Landan tun 1910. Shekara talatin ana salla a ɗakunan haya, sai a 1941 aka buɗe masallaci a wasu gidaje da aka saya a titin Commercial. Ginin da ake gani yanzu, mai ƙubba da hasumiya, a 1985 aka buɗe shi. Daga fara tara kuɗi zuwa buɗe ƙofa, shekara 75. Waɗanda suka sa sisin farko ba su ga ginin ba. Ɗan'uwa, in ka shiga ka tarar da ruwan alwala mai ɗumi da darduma mai laushi, ka san gumin wasu kake takawa, kuma ko addu'a ce suna binka.

Sai mu gangara bakin kogi, domin can amsar wata tambaya take, wadda ke damun duk mai biyan haya: me ya sa a gunduma ɗaya ake samun benayen bankuna masu taɓa gajimare, a bayansu kuma iyalai cunkushe a ɗaki biyu? A 1802 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta West India, don sauke sukari da barasa da ake kawowa daga tsibiran Karibiyan, daga gonakin da bayi 'yan Afirka ke nomawa. Ɗaya daga cikin manyan waɗanda suka kafa tashar, Robert Milligan, ya mutu a 1809 yana riƙe da bayi fiye da 500 a Jamaika. Mutum-mutuminsa ya daɗe tsaye a bakin tashar, sai a watan Yunin 2020 aka sauke shi. Ɗaya daga cikin rumbunan sukarin tashar shi ne yanzu gidan tarihi na tashoshin Landan, kuma akwai sashe guda a ciki da aka keɓe wa labarin sukari da bauta. Ɗan Afirka ta Yamma da ya shiga wurin zai ga cewa alaƙar nahiyarsa da wannan gunduma ta girmi bizar da ke cikin fasfonsa da ƙarni biyu.

Tashoshin nan su suka ciyar da yankin tsawon zamani, su kuma suka jawo masa bama-bamai tun daga 7 ga Satumba, 1940. Da aka koma jigilar kaya cikin kwantena, manyan jirage ba sa iya hawowa kogin har nan, sai aikin ya koma can ƙasa kusa da teku. A 1980 aka rufe tashar West India, dubban 'yan dako suka rasa abin yi. A kan wannan kufai aka gina Canary Wharf, unguwar bankuna, wadda dogon benenta na farko mai hawa 50 aka kammala a 1991. Kuɗi ya shigo, farashin ƙasa ya tashi, amma 'ya'yan 'yan dako da 'ya'yan teloli ba su ne akasari suka samu kujerun cikin benayen ba. Tsadar hayar da baƙo ke kuka da ita yau, tushenta ke nan.

Na san wani zai ce, malam, ni fa karatu ya kawo ni, ko neman na tuwo, shekara uku in tattara in koma gida, ina ruwana da masaƙan Faransa? Maganarsa tana da kama da gaskiya, amma ga amsa. Da farko, nawa ne suka zo da niyyar shekara uku, yau jikokinsu ke makaranta a can? Mutanen Silet ma da niyyar komawa suka zo. Na biyu, sanin tarihin wuri yana nuna wa mutum inda ƙarfi yake da yadda ake taɓa shi. A 1921 kansiloli 30 na Poplar, ƙarƙashin jagorancin George Lansbury, suka ƙi miƙa wani kaso na haraji ga hukumomin birnin, suna cewa zalunci ne a ɗora wa gundumar talakawa nauyin ciyar da marasa aikinta ita kaɗai alhali gundumomin masu kuɗi na hutawa. Aka ɗaure su mako shida, daga baya aka gyara doka aka raba nauyin. Wanda ya san haka ba zai raina zaɓen kansila ba. Kuma ga abin da wasu 'yan'uwanmu ba su sani ba: ɗan Najeriya ko Gana ko Kamaru da ke zaune a Birtaniya bisa izini yana da damar yin rajista ya jefa ƙuri'a, saboda ƙasarsa na cikin ƙungiyar Kwamanwel. Da yawa sun shekara biyar suna biyan harajin gida, ba su taɓa sanin sunan kansilan mazaɓarsu ba.

Sai dai a yi hattara, domin tarihi ma ana sayar da na jabu. Kowace yamma za ka ga ayarin 'yan yawon buɗe ido a lungunan Whitechapel, sun biya kuɗi ana zagayawa da su wuraren da wani makashi da ba a taɓa gano shi ba ya yanka mata a 1888. Wannan shi ne tarihin da ke kawo ciniki. Amma a shekarar nan ta 1888, a unguwar Bow cikin gundumar nan, 'yan mata da mata kimanin 1,400 masu aikin ashana suka yi yajin aiki, saboda tarar da ake yankar musu daga ɗan albashinsu, ga kuma sinadarin da ke cinye musu ƙashin muƙamuƙi. Suka yi nasara, suka kafa ƙungiya, kuma a shekara mai bi 'yan dakon tasha suka yi nasu babban yajin. Wane labari ne ya fi bayyana halin mutanen wurin? Baƙo mai hankali ba ya tsayawa a kan abin da aka shirya don a sayar masa.

Hatsari na biyu shi ne mai da tarihi sanda. Akwai masu karanta shi don su ce mu ne 'yan asali, ku 'yan zuwa ne. Da irin wannan magana wata jam'iyyar ƙin baƙi ta ci kujerar kansila a mazaɓar Millwall a 1993, kafin jama'a su yi gangami su kayar da ita a shekara mai bi. Kuma kada Musulmin yau ya ɗauka ya tsira daga wannan cuta. Wanda kakansa ya sha duka a titi yana iya zama mai harara ga ɗan Somaliya ko ɗan Romaniya da ya iso jiya. Tarihin da aka karanta da gaskiya yana kwance wa kowa rawanin taƙama, domin in aka tona sosai, kowa a wannan yanki jirgi ne ya kawo kakansa ko yunwar ƙauye.

To yaya baƙo zai fara? Ba ya bukatar digiri. Ya sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa wata rana ya taka da ƙafa, yana ɗaga kai sama da allunan shaguna, domin shago na canja hannu amma saman gini yakan riƙe shekararsa da sunan mai shi na farko. Ya karanta shuɗɗan alluna da ake maƙalawa a bango. A Bow akwai wanda ke nuna zauren da Gandhi ya sauka a 1931. Ya je ɗakin adana tarihin gunduma da ke titin Bancroft, inda ake shiga kyauta, ya nemi tsohuwar taswirar layinsu da hotunansa. Zai iya duba taswirar Charles Booth, wanda tun daga 1889 ya shafa wa titunan Landan launi gwargwadon talauci ko wadatar mazaunansu, ya ga wane launi aka ba layin da yake kwana. Abin da ya fi duka, ya gai da tsofaffi. Dattijon da ke zama a sahun gaba bayan La'asar, ko tsohuwar Baturiya da ke hawa na ƙasa tun kafin a haife shi, in ya ce musu, Baba, ko Mama, yaya unguwar nan take a da, zai sha mamakin abin da zai ji. Matambayi ba ya ɓata.

Mu Hausawa bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba, domin mutanen zango ne mu. Daga Kumasi zuwa Accra, daga Yawunde zuwa Omdurman, kakanninmu sun sauka a garuruwan wasu, kuma abin da suke fara yi shi ne neman mai unguwa, su yi gaisuwa, su ji wane ne wane. A gida ma haka abin yake. Cikin badalar Kano akwai Tudun Nufawa, akwai Zangon Barebari, akwai Ayagi ta Yarbawa, akwai Dandalin Turawa inda fataken Larabawa suka zauna. Matashin da aiki ya kai shi Fagge ko Sabon Gari, ko ya koma Tudun Wada a Zariya, tambayar da ke kan ɗan'uwansa na Landan ita ce a kansa.

Saboda haka, mai sauraro, in ka yi ƙaura kwanan nan, ko ka daɗe a wuri ba ka taɓa tambaya ba, ga aikin wannan mako. Nemi mutum guda da ya riga ka zama a unguwar da shekara talatin, ka kai masa gaisuwa, ka zauna ka saurara. Ka gano sunan kansilanka da ranar da majalisar gundumarku ke zama. Sannan abin da ka ji ka faɗa wa 'ya'yanka, domin su a nan za su tashi, kuma wata rana su za a tambaya.